SAMMACI A ƘOFA, BABU KUƊIN LAUYA: INA MAFITA GA WANDA ZA A SAYAR WA GIDA?



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau maganata a kan magidanci ce wanda ya jinginar da gidansa ya karɓi bashi, a banki ko a hannun wani mai kuɗi, sai kasuwa ta juya masa baya, biya ya gagara. Yanzu an maka shi a kotu ana neman a sayar da gidan da iyalinsa ke kwana a ciki, shi kuwa ko kuɗin cefane da ƙyar yake haɗawa, balle na lauya. Wannan tambaya ta yawaita a saƙonnin da ake turo mini, kuma da yawa daga cikinsu da magana ɗaya suke rufewa: "Malam, ni dai na bar wa Allah."

To ɗan uwana, barin lamari ga Allah ibada ce babba. Amma ina so mu duba, me kake nufi da ka bar wa Allah? Idan nufinka ka naɗe sammacin ka tura ƙarƙashin katifa, ka kashe waya, ka daina bin layin da kotu take, wallahi wannan ba tawakkali ba ne. Tsoro ne da kunya suka sa rigar tawakkali. Sanannen abu ne cewa da wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, umartarsa ya yi da ya ɗaure ta sannan ya dogara, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. A wannan hali naka, igiyar ɗaure raƙumar ita ce ka amsa kiran kotu.

BASHI BA ABIN KUNYA BA NE

Abu na farko da Shaiɗan ke yi wa wanda bashi ya danne shi ne ya ware shi daga mutane. Ya ce masa kada matarka ta ji, kada limamin unguwa ya ji, kada 'yan uwanka su yi maka dariya. Haka zai yi ta kumbiya-kumbiya har ranar da masu gwanjo za su tsaya a ƙofar gida, a lokacin kuma duk unguwa ta ji, babu sauran abin da za a iya yi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wane ne ya fi Manzon Allah (SAW) daraja? Amma Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo. Jabir ɗan Abdullahi (RA), mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi da ƙanne mata, masu bin bashi suka matsa masa. Jabir bai ɓuya ba. Ya tafi wurin Annabi (SAW) ya faɗi halin da yake ciki, Annabi ya nema masa sassauci a wurinsu, suka ƙi, sannan ya zo gonar dabinon da kansa ya yi addu'a, aka yi ta awo har aka biya kowa, dabino ya yi saura. Ka lura, albarkar ta sauka ne bayan Jabir ya buɗe baki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

ME SHARI'A TA CE GAME DA GIDAN JINGINA?

Jingina halal ce, aya ta 283 a Suratul Baƙara ta tabbatar da ita. Amma akwai hukunce-hukuncen da mutane da yawa ba su sani ba, kuma rashin saninsu ne ke sa a cuce su.

Na ɗaya, gidan jingina ba ya zama mallakar mai bin bashi don kawai wa'adi ya cika ba a biya ba. Wannan al'adar Jahiliyya ce, Musulunci ya rushe ta. Imamu Malik ya kawo hadisin a Muwaɗɗa, ya kuma yi bayani cewa ko da an gindaya sharaɗin in ba a biya ba abin ya zama na mai bin bashi, sharaɗin ɓatacce ne. Abin da ake yi shi ne a sayar da kayan a kan farashinsa na gaskiya, a cire bashi, a miƙa wa mai gida ragowar kuɗinsa. A ce ana bin ka naira miliyan 5, gidanka kuma ya kai miliyan 20, to miliyan 15 ɗin nan haƙƙinka ce da 'ya'yanka, bayan an cire ɗawainiyar sayarwa. Dokar ƙasa ma a kan haka take: rarar kuɗin gwanjo ta mai gida ce.

Na biyu, ba a gaggawar sayar da gida. Malamanmu na Malikiyya, a babin wanda bashi ya cinye dukiyarsa, sun ce alƙali zai gaggauta sayar da dabbobi saboda ci da sha, amma gida da fili sai a jinkirta kamar wata 2 ana cigiyar mai saye, don kada a karyar da shi. Shehu Khalil ya ambaci haka a Mukhtasar ɗinsa.

Na uku, wanda ya ba ka rance ya riƙe gidanka jingina, bai halatta ya shiga ya zauna ko ya riƙa karɓar kuɗin haya yana ci ba. Rance ne ya jawo amfani, wannan kuwa riba ce. Wannan ta yi yawa a jinginar gidaje da gonaki a garuruwanmu, a ji tsoron Allah.

Na huɗu, uwar kuɗin da ka karɓa tana wuyanka. Aya ta 279 a Baƙara, wadda ta yi shelar yaƙi ga masu cin riba, ita ce kuma ta bar wa mai dukiya asalin dukiyarsa. Don haka idan bashin da kuɗin ruwa ka karɓo shi, ka tuba ga Allah tsakaninka da Shi, ka yi iya ƙoƙarinka a yafe maka ruwan ta hanyar sulhu, amma kada ka tsaya a gaban alƙali ka musanta kuɗin da ka san sun shiga hannunka. Wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah Yana biya masa, wanda kuma ya karɓa da niyyar halaka ta, Allah Yana halaka shi. Ma'anar hadisin Bukhari ke nan.

ABIN DA SHIRU KE JAWOWA

Mu dawo kan sammacin. Kotu ba ta jiran wanda ya ƙi zuwa. Idan masinjan kotu ya neme ka bai same ka ba, lauyan mai ƙara zai nemi izini a manna takardar a ƙofar gidanka, a doka kuwa shi ke nan, an isar maka. Akwai kuma wani tsari a manyan kotuna na ƙarar bashin da mai ƙara ya rantse cewa wanda ake ƙara ba shi da kariya. A irin wannan, idan ba ka shigar da takardar niyyar kare kanka tare da takardar rantsuwa cikin 'yan kwanakin da aka ɗiba ba, alƙali na iya yanke hukunci a ranar farko, ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Duk adadin da aka rubuta, daidai ne ko da kuskure, shi zai hau kanka.

Kada kuma ka ɗauka lissafin banki wahayi ne. Mutane ne ke yin sa. Ku dubi abin da ya faru a Amurka bayan durƙushewar kasuwar gidaje a 2008, lokacin da miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu. A 2010 asiri ya tonu cewa ma'aikatan wasu manyan bankuna na sa hannu a kan dubban takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da sun karanta abin da ke ciki ba. A 2012 manyan bankuna 5 suka amince da sulhun dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49. Ta yaya aka gano? Ta hanyar masu gidajen da suka tsaya a kotu, da lauyoyinsu, har da lauyoyin sa-kai, suka ce a kawo takardu a gani, a kawo wanda ya sa hannu ya amsa tambayoyi. Idan haka ta faru a can, me zai hana a samu cajin da ya wuce ƙa'ida a asusunka a nan?

Manzon Allah (SAW) da kansa ya gargaɗi sahabbai, a hadisin Ummu Salama (RA) da ke Bukhari da Muslim, cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, shi kuma yana hukunci ne da abin da ya ji, don haka wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan uwansa yanki ne na wuta aka ba shi. Darasi biyu ne a nan. Mai iya baki ya ji tsoron Allah. Kai kuma ka gane cewa alƙali da abin da ya ji yake aiki. Idan bai ji ta bakinka ba, da me zai yi maka adalci?

MATAKAN DA ZA KA ƊAUKA

1. A ranar da takarda ta zo, ka rubuta kwanan watan. Ka nemi wanda ya iya Turanci kuma ka amince da shi ya karanta maka ita tun daga farko har ƙarshe: wace kotu ce, wace rana ce, nawa ake nema, kwana nawa aka ba ka ka amsa.

2. Ka tattara komai a jaka ɗaya: takardar tayin bashin, yarjejeniyar jingina, duk wani rasit, saƙonnin waya na shigar kuɗi da fitarsu, wasiƙun da aka aiko maka. Ka nemi cikakken bayanin asusunka daga ranar da aka ba ka kuɗin. Ka yi hoton kowace takarda, kada ka miƙa wa kowa ta asali. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

3. Ka nemi lauyan kyauta, akwai su. Gwamnatin Tarayya na da hukumar agajin shari'a, wato Legal Aid Council, wadda aka kafa tun 1976, aka sabunta dokarta a 2011, tana da ofis a kowace jiha. An yi ta ne domin masu ƙaramin ƙarfi, suna ba da shawara, suna shiga tsakani, su kuma duba ko shari'arka na cikin waɗanda za su ɗauka. Akwai reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa, NBA, a garinku. Akwai ƙungiyar lauyoyi Musulmi, MULAN. Mata, musamman waɗanda miji ya rasu ya bar musu gida a jingine, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Tsangayoyin koyar da shari'a a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da ta Maiduguri suna da ofisoshin ba da shawara kyauta. Ka sani ma, duk lauyan da ke neman muƙamin SAN sai ya nuna shari'o'in da ya yi wa marasa ƙarfi kyauta. Don haka ka shiga da ƙarfin gwiwa. Ƙofa ɗaya ta ƙi buɗuwa, ka ƙwanƙwasa ta gaba.

4. Ko ka samu lauya ko ba ka samu ba, ranar zama ka je, ka je da wuri. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma babu dokar da ta hana mutum tsayawa da kansa. Idan an kira ƙarar, ka miƙe cikin ladabi ka ce kai ne wanda ake ƙara, ba ka da halin ɗaukar lauya, kana neman a ɗage zaman don ka samu mai tsaya maka. Idan ba ka jin Turanci ka faɗa, a nemo tafinta. Ka tambayi magatakardan kotu game da tsarin da ke ba wanda ya tabbatar da talaucinsa damar yin shari'a ba tare da biyan kuɗin kotu ba, domin ƙa'idojin manyan kotuna sun tanadi haka. Idan kuwa tsakaninka da wani mutum ne aka kai ka kotun shari'ar Musulunci, to a can da Hausa ake magana, mutane na tsaya wa kansu kullum.

5. Ka buɗe ƙofar sulhu tun da wuri, a rubuce. Shari'a na cin lokaci da kuɗi ga kowane ɓangare, mai bin bashi kuwa kuɗinsa yake so. Ka rubuta abin da za ka iya biya duk wata na gaskiya, ka nemi a yafe ruwa da tara. A Kano akwai zauren sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotu tun 2009, wasu jihohin ma suna da irinsa, kuma kana iya roƙon alƙali ya tura maganarku can. Sulhu sunna ce. Ka'abu ɗan Malik (RA) ya ɗaga murya a masallaci yana bin Ibn Abi Hadrad bashi, Annabi (SAW) ya yaye labulen ɗakinsa ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ɗaya ya sauko, ɗaya ya biya, magana ta mutu.

6. Idan ka auna ka ga biya ba zai yiwu ba ta kowace hanya, ka nemi a ba ka lokaci ka sayar da gidan da kanka da sanin mai bin bashin. Na san maganar da ɗaci. Amma wanda ya sayar a natse ya biya bashi ya sayi ƙaramin gida a bayan gari ya fi wanda aka kaɗa wa gida a gwanjo aka bar shi da tabarma. Ka kuma sani, matuƙar ba a sayar ba, kana da damar fansar gidanka idan ka kawo kuɗin.

7. Idan har an riga an yanke hukunci a bayan idonka, kada ka ce ta ƙare. Ana iya neman kotun ta jingine hukuncin idan da uzuri karɓaɓɓe kuma an yi hanzari. Ana iya neman a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu kuma akwai wata 3 na ɗaukaka ƙara. Duk waɗannan da lokaci suke tafiya, kwana ɗaya ma riba ce.

Wani gargaɗi: wasu yarjejeniyoyin jingina sun ba banki ikon sayar da gida ba tare da ya je kotu ba. Don haka wanda bai ga sammaci ba tukuna, wasiƙar gargaɗi kawai ya gani, shi ma da shi nake. A wannan mataki ne ma, kafin magana ta kai kotu, ake iya kai ƙorafin cajin da ya wuce kima ga bankin a rubuce, idan bai warware ba a wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

ABUBUWA UKU DA ZA KA NISANTA

Kada ka ci sabon bashi mai ruwa don ka toshe tsoho, gudun gara ne ka faɗa gidan zago. Kada ka ba kowa kuɗi wai zai "ga" alƙali ko ya ɓatar da fayil, cin hanci ne, Annabi (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa, kuma mafi yawan masu wannan alkawari 'yan damfara ne da ke shawagi a harabar kotu. Kada ka kai ɗan abin da ya rage maka wurin boka ko malamin tsibbu wai a ɗaure bakin lauya. Gida za ka iya sake samu, imani in ya tafi fa?

KIRA GA SAURANMU

Ya kai mai bin bashi, idan Musulmi ne kai, aya ta 280 a Baƙara da kai take: wanda ke cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin yalwa, yafewa kuma ta fi alheri. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya jinkirta wa mai ƙunci ko ya rage masa, Allah zai sanya shi a inuwarSa. Haƙƙinka ne ka nemi kuɗinka, babu mai musun wannan. Amma kafin ka sa a fitar da kayan ɗakin matar wani kan titi, ka tuna da ranar da kai ma za ka nemi a jinkirta maka. Kai kuma mai hali da ke da abin biya kake ja wa mutane rai kana fakewa da wannan aya, ba da kai take ba. Jinkirin mawadaci zalunci ne.

Ya ku lauyoyinmu Musulmi, wakilci a shari'a aiki ne da fiƙihu ya san shi, malamai sun ambaci cewa Sayyidina Ali (RA) ya wakilta ɗan uwansa Aƙilu a husuma. Abin da aka hana shi ne kare maha'inci, kamar yadda aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta nuna. Ilimin nan da Allah Ya ba ku yana da zakka. Minti 30 da za ka zauna ka karanta wa talaka takardarsa ka gaya masa abin da zai rubuta, zai iya zama sanadin da yara 8 ba za su kwana a kango ba. Shari'a ɗaya a shekara saboda Allah, ta yi yawa?

Ya ku masu fitar da zakka da kwamitocin masallatai, waɗanda bashi ya danne suna cikin kaso 8 da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Muna tara miliyoyi mu canza tayil da fankokin masallaci, ga wanda ke sahun gaba kullum za a raba shi da gidansa a kan abin da mutum 20 za su iya haɗawa. Kowane masallacin Juma'a yana da lauya ko ma'aikacin banki ko akanta a cikin mamu. Me zai hana a kafa ƙaramin kwamiti da zai riƙa sauraron irin waɗannan a asirce, a rufa wa mutum asiri a kuma nuna masa hanya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, ɗan uwana da ke cikin wannan jarrabawa, ka riƙe sallar dare, ka yawaita istigfari da neman tsari daga baƙin ciki da nauyin bashi da rinjayen mazaje, domin Anas (RA) ya ce ya sha jin Annabi (SAW) yana neman tsari daga waɗannan. Ka zaunar da matarka ka gaya mata gaskiya, ita ma ta taya ka addu'a da shawara. Idan gari ya waye, ka ɗauki jakar takardunka ka fita. In gidan ya tsira, alhamdu lillahi. In kuma Allah Ya ƙaddara rabuwa da shi, ka rabu da shi a tsaye, da ragowar haƙƙinka a hannu, ba ka yi ƙarya ba, ba ka ci haƙƙin kowa ba. Sahabbai sun bar gidajensu a Makka, Allah Ya musanya musu.

Wanda ya san wani a cikin wannan hali, ya tura masa wannan rubutu, ko ya karanta masa. In kuma da hali, ya raka shi kotun.

Ya Allah Ka biya wa masu bashi bashinsu, Ka yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ka rufa mana asiri duniya da lahira, Ka wadatar da mu da halal ɗinKa, Ka tsare mu daga riba da dangoginta. Amin.

Wallahu a'alam.